Ranar da Na Markaɗa Ja Kafin Fari

Ku matso nan kusa, ku 'yan zamani masu cewa markaɗe ba sana'a ba ce, wai zubawa ce kawai da tara bokiti. Ku ja kujera ku zauna, yau inji yana hutawa, bakina ne zai yi aiki.

Sunana Hansatu, amma a Yerimaram in ka ce Hansatu gida biyar za a nuna maka. Ka ce Hansai mai inji, ko akuyar unguwa ta san ƙofar. Shekaru masu yawa ke nan ina kan kujera ɗaya 'yar tsugunno a rumfar gidanmu. Kasuwar shanun nan da ake tasowa daga uwa duniya a zo, ni sau biyu na taɓa leƙa ta. Ba na zuwa ko'ina. Amma abin da aka dafa a unguwar nan, na suna ne ko na biki ko na sadaka, ta hannuna ya bi.

Bokitin farko da na markaɗa a rayuwata wake ne na ƙosai, kuma ɓata shi na yi. A gidan Mama Saratu ne, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda ta fara ajiye inji a layinmu. 'Yar Karekare ce, Kirista, Hausarta ba ta san mace ba ba ta san namiji ba, kowa "ka" ne a wurinta. Na ga waken yana tafiya a hankali, sai na kwara masa ruwa kofi guda. Ƙullu ya fito tsululu kamar kunun jinya. Ta kashe inji, ta dube ni, ta ce, "Hansatu, wanka kake masa? Wake ba ya son mai gaggawa. Ka ba shi ruwa kamar kana ba jariri." Ita ta auno wani waken daga ɗakinta ta jiƙa wa mai ƙosan, ni kuma ta sa ni wanke bokitai har mako ya zagayo kafin ta sake bari na taɓa inji.

Ku da kuke ganin abu ɗaya ne, inji kashi biyu ne. Akwai kai mai shan fetur, wanda ake ja wa igiya, akwai kuma wajen niƙa, bel ne ya haɗa su. A ciki akwai dutse guda biyu. Sunansu dutse, amma ƙarfe ne mai haƙora, ɗaya yana tsaye ɗaya yana juyawa. A gaba akwai kunnen da ake murɗawa, a matse dutse ko a sassauta. Duk sana'ar a wannan kunnen take. Shinkafar waina tana son matsi har ta yi laushi kamar nono. Alale yana son a ɗan sake. Gero na kunu sai an bi shi sau biyu. Kuma ba da ido ake ganewa ba, da kunne ne. In dutse ya cinye, kukansa yakan koma kamar na mai mura. In bel ya saki, za ki ji yana tafi. In tsakuwa ta shiga, kafin ta kai tsakiya hannunki ya riga ya kai wajen kashewa, in ba haka ba ki yi sallama da haƙoran dutsenki. Sandar tura kaya kuwa, Mama Saratu ta ce duk ranar da ta ga yatsana a cikin mazubi maimakon sanda, ranar zan koma gidanmu. Yatsuna goma ne har yau, ku ƙirga.

Doka biyu ta ba ni, ban da wannan ta sanda.

Ta farko, fari kafin ja. Shinkafa da gero da wake su ne fari, su ake fara markaɗawa. Tumatur da tattasai da attaruhu su ne ja, su ne ƙarshe. Ko matar hakimi ce ta kawo kayan miya da sassafe, ta jira. Dalili kuwa, inji ba ya sakin abin da ya ci gaba ɗaya. In ja ya riga shiga, sai an kwance dutse an wanke shi lungu-lungu, in ba haka ba kunun jaririn wata ya fito da yaji, wainar wata ta fito kamar an shafa mata jan baki.

Ta biyu, bokiti ba ya fita babu magana. Ranar da ba komai, ki ce a ci lafiya. In na suna ne, Allah ya raya. In gumbar sadaka ce, Allah ya jiƙan rai. Ta ce mai inji ta san abin da ke faruwa a kowane gida tun kafin a gaya mata, don haka rashin kunya ne ta miƙa bokiti ta yi kamar ba ta sani ba. Jajiberen Sallah kuwa, ita da ba ta yi azumi ba, ita ke riga kowa. Tana miƙa bokiti tana cewa, "Barka da Sallah, Hajiya, ka ci nama lafiya, ka aiko mini da nawa." Ba wadda ta taɓa ɓata rai. Dariya ake yi, a kuma aika mata.

Shekara uku na yi a ƙarƙashinta. Da gwiwoyinta suka gaza, ta koma ƙauyensu can wajen Mamudo, sai ta ce ba wanda zai riƙe injin sai ni. Aka ɗauko shi aka kafa a rumfarmu. 'Yarta Rifkatu ta zauna a gidan da mijinta, muka ci gaba da maƙwabtaka. Kirsimetin farko da ya same ni a kan kujerar, ban yi shawara da kowa ba. Matan coci suka jera bokitansu, kusan duka ja, don miyar shinkafa suke yi. Duk wadda na miƙa wa nata sai in ce barka da Kirsimeti. Ba wani abu na ƙirƙiro ba. Yadda na samu aikin haka na ci gaba da shi.

Shinkafar Hajiya Gambo ita ce ta riƙe injina shekara da shekaru. Mai waina ce a bakin tasha, tanda uku take kunnawa, ga ƙosai da yamma. Kowace safiya bokitanta ne farkon layi. Mace ce mai baki, in ta taɓa ƙullu da yatsa ta ji gari-gari, sai ta ce, "Hansai, yau da ƙafa kika markaɗa?" Amma ba muguwa ba ce, kuma inda ta kai kayanta, nan rabin matan unguwa suke kai nasu.

Sai shekarar nan ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, iyayenku sun sani. Shekarar da aka hana fita tun rana ba ta faɗi ba, shekarar da in tayar mota ta fashe sai kowa ya kwanta a ƙasa. Musulmi sun binne nasu, Kirista sun binne nasu. Gidaje da yawa a layinmu aka sa musu kwaɗo, masu su sun tafi. Waɗanda suka rage kowa ya koyi magana ƙasa-ƙasa. Gaisuwa ma ta koma ɗaga kai.

Jajiberen Kirsimeti na wannan shekarar, bokiti huɗu kacal na ja suka zo, a wurin da a da layinsu yakan kai bakin ƙofa. Rifkatu ce da wasu mata uku. Ba su zauna a benci ba kamar kullum. Can baya suka tsaya jikin katanga, kowacce ta rufe bokitinta da tsumma. Farin kuwa ya yi yawa ranar, don fetur ya yi wuya, sai bayan azahar na samu na tayar da inji. Na dubi layi, na dubi rana. Na ga in na bi doka, kafin in gama fari lokacin hana fita ya yi, matan nan su koma da tumatur ɗinsu ɗanye, gobe kuma ranarsu ce.

Na ce, "Rifkatu, miƙo naki."

Ta ce, "Yaya Hansai, ja ne fa."

Na ce, "Na ga ja ne, ba makauniya ba ce ni. Miƙo."

Hajiya Gambo tana kan benci, ta ce, "Yau kuma wace sabuwa? Shinkafata tun safe take jiƙe."

Na ce, "Hajiya, ke kullum ranarki ce. Su sau ɗaya ne a shekara. Zan kwance dutse in wanke miki shi tas, ki yi haƙuri."

Ta yi tsaki, amma ba ta tashi ba. Da a nan abin ya tsaya, da ba ni da labarin ba ku.

Ku da ba ku taɓa zama kusa da inji ba ba za ku gane ba. Mai markaɗe ba ta magana, ihu take yi, don in ba ta yi ba ko kanta ba za ta ji ba. Na gama bokiti na huɗu, na ɗaga shi zan miƙa, na buɗe baki da irin muryar da nake yi a kan kukan inji. Daidai lokacin ɗan fetur ɗin da na zuba ya ƙare. Inji ya yi tari ya mutu. Muryata ita kaɗai ta fita, a unguwar da ko zakara ya rage cara: "Barka da Kirsimeti! A yi biki lafiya!"

Wallahi har tattabarun maƙwabta suka tashi. Na ji an rufe taga a gidan da ke kallonmu. Rifkatu ta kama hannuna, idonta ya fito, ta ce, "Yaya, a hankali mana, don Allah." Suka ɗauki bokitansu suka fice kamar waɗanda suka yi sata.

Hajiya Gambo ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce, "Hansai, a wannan zamanin? Ke kaɗai ce mai baki? Kin ajiye kayan Musulmi kin yi nasu, na yi shiru. Yanzu kuma shela kike yi. Ni dai na ji ana cewa wannan gaisuwar ba ta halatta ba."

Na ce, "Hajiya, ni ba malama ba ce. Na ji masu cewa haka, na ji masu cewa ba haka ba. Abin da na sani, salla ba ta taɓa wuce ni saboda na gai da maƙwabciya ba, kuma haƙƙin maƙwabci ba ni na ƙago shi ba. Sanda uwar Rifkatu take ce miki barka da Sallah, har cinya kike aika mata."

Ta ce, "Da ke nan. Yanzu ki zaɓa. Ki ware musu ranarsu, ki kuma riƙe bakinki, ko ki nemi wata mai waina."

Na ce, "Injina ba shi da ranar wasu. Bakina kuma a jikina yake."

Ta sa aka kwashe bokitanta, shinkafar tana ɗigar ruwa, aka kai wani inji can wajen Ngojin.

Cikin mako biyu benci ya zama na kaji. Wasu sun bi Hajiya don sun yarda da maganarta, ban kuma ce ba su da haƙƙi ba. Mafi yawa tsoro ne, kada a gan su a gidan da ake nunawa da baki. Abin da ya fi ba ni haushi, matan cocin ma suka ɗauke ƙafa. Na leƙa ta katanga na ce, "Rifkatu, ke ma?" Ta ce, "Yaya, mu muka ja miki. In muka ci gaba da zuwa ƙara miki za mu yi." Na ce, "To ku ci jajjagen turmi, ku ji yadda kakanninku suka sha." Wata Bafulatana mai fura ce kaɗai ba ta fasa ba. Ta ce ita gero ta sani, ba ta san zancen birni ba.

Maigidana, Malam Audu, mutum ne mai sanyi. Ya ce, "Hansatu, ba wanda ya ce ki zagi kowa. Ki ce a ci lafiya kawai, ai ita ma gaisuwa ce. Ki je ki ba Hajiya haƙuri." Na ce, "Malam, a ci lafiya ta ranar Talata ce. In ranar Sallah wani ya ce maka ina kwana ya wuce, ka san da magana a ciki. Haƙuri kuma, na ba ta na shinkafarta tun ranar. Na gaisuwa ba ni da shi."

Azumi ya kama. Ku tambayi duk mai inji, azumi shi ne lokacin kakarmu. Kunu, ƙosai, alale, daga hantsi har la'asar ba a kashewa, sai kan inji ya yi zafi a ɗora masa jiƙaƙƙen buhu. Wannan azumin ni da ƙuda muka yi shi a rumfa. Na kwance injin gaba ɗaya, na goge, na canza baƙin mai, na aika dutse aka wasa. Na mayar na ɗaure. Bayan kwana uku na sake kwancewa, don hannu ya saba. Daga nesa ina jin kukan injin wasu, har ina gane wanda bel ɗinsa ya saki.

Ana cikin goman ƙarshe Malam Audu ya ce wani abokinsa yana son injin, zai kai ƙauye. Ya ce, "Ƙarfe in ya zauna tsatsa yake yi, gidan kuma ba ya cin tsatsa. In Sallah ta wuce a haka, ki haƙura." Ban yi masa musu ba, gaskiya ya faɗa. Na ce a bar ni zuwa Sallah.

Jajiberen Sallah da hantsi, ina tankaɗe, sai na ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa. Rifkatu ce, tana shigo da bokiti ɗaya bayan ɗaya har uku, manya, a rufe.

Na buɗe na farko. Shinkafar waina. Na biyu, ita ce. Na uku ma.

Na ce, "Rifkatu, musulunta kika yi ban ji ba?"

Ta ce, "Kai, Yaya. Baƙi za mu yi."

"Baƙi. Ranar Sallah. Coci guda kika gayyato?"

Ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Na nutsa hannu cikin shinkafar har wuyan hannu. A tsakiya na taɓo dafaffiyar shinkafa a dunƙule, da ƙananan albasa guda biyu ba a yanka ba. Duk Yerimaram mace ɗaya ce take binne albasarta a tsakiya haka, wai kada ƙamshin ya fita. Shekara nawa ina tono su.

Na ce, "Tun yaushe Hajiya Gambo ta zama baƙuwarki?"

Rifkatu ta zauna a benci ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta ce, "Ta rantsar da ni fa. Ta ce wancan injin gari-gari yake fitar mata, wainarta tana kwanciya a tanda kamar ta mutu, masu saye sun fara tsallakawa gaba. Gobe kuma gidaje da yawa sun ce ta yi musu ta Sallah. Duk matan layi ba wadda za ta iya aikowa ba a gane ba. Sai ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce ai ni ba wanda zai zarga."

Na ja igiya. Bugu ɗaya ya tashi, don ya sha gyara har ya gaji. Na matse dutsen nan sabon wasawa, na bi shinkafar a hankali, ruwa kamar ana ba jariri. Ƙullu ya sauko sumul, ko a ido ka sa ba za ka ji tsakuwa ba. Da na gama na uku, sai na kashe inji da hannuna, na jira ya yi shiru sarai.

Na ce, "Bokiti ba ya fita babu magana, uwarki ce ta koya mini. Mai kayan ba ta zo ba, ke ce ƙafarta, to ke ce bakina. Ki ce mata barka da Sallah."

Ta ce, "Ni? Yaya, so kike ta watsa mini ƙullu?"

Na ce, "Ba za ta watsa ba, ta san wahalar da ta sha kafin ta same shi. Kuma kada ki ce in ji Hansai. Ki faɗa da bakinki."

Bayan azahar sai ga Rifkatu ta dawo, a ƙafa wannan karon, da bokiti a ka. Koren bokitin Hajiya Gambo ne mai ɗaurin waya a hannu, wanda duk unguwa ta sani, ba tsumma ba murfi, wake fal ciki. Ta tsakiyar layi ta biyo da shi, mata suna leƙe.

Na ce, "Kin faɗa?"

"Na faɗa."

"Ta ce me?"

"Ta sa yatsa a ƙullu, ta murza, ta sake murzawa. Can ta ce, 'Barkanmu dai, Rifkatu. Allah ya maimaita mana.' Sannan ta ce in kawo wa mai bakin lasifika wannan, kuma ki sassauta dutse, na alale ne."

Kafin la'asar bokitai sun kai bakin ƙofa. Waɗanda suka yi wata da watanni ba su san hanyar gidana ba suka shigo suna cewa, "Hansai, kwana biyu," kamar tafiya na yi. Ban ce wa kowa komai ba sai barka da Sallah. Abokin Malam Audu ya nemi injinsa a wani wuri.

Kada in yi muku ƙarya, har yau ban taɓa jin Hajiya Gambo ta ce wa wani barka da Kirsimeti ba, ban kuma tambaye ta ba, tsakaninta da Ubangijinta. Ni dai duk shekara ina faɗa, tana zaune a benci tana jiran shinkafarta, sai ta duƙa tana gyara takalmi. Amma ni kunne gare ni, da shi nake ci. Ba ta ce Allah ya maimaita mini ba. Ba ta ce ya maimaita wa Musulmi ba. Rifkatu ce tsaye a gabanta, su biyu kaɗai a tsakar gida, ta ce ya maimaita mana. To ku da kuka yi makaranta, ku gaya mini, wannan "mana" ɗin, wa da wa ke cikinta?